Shin gaskiya ne enzayim na iya sa yadin foliyesta ya sha ruwa, ya kuma karɓi rini?

Marini_Isuhu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni marini ne, na gaji sana'ar daga mahaifina, kuma yau shekara 22 ke nan hannuna bai rabu da rinin baba ba. Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne yadin da ake kawo mana da sunan auduga alhali foliyesta ne, ko kuma an gauraya su. Makon jiya wata baiwar Allah ta kawo farin yadi mai kyan gani, na tsoma shi sau huɗu, amma da aka ɗauraye sai launin ya bi ruwa, ya bar wani shuɗi-shuɗi kamar an sa masa bula. Ƙanena da ke karatun kimiyya ya ce mini masana a ƙasashen waje suna gyara wani sinadari mai suna enzayim, wanda yake cin fatar zaren roba kaɗan har zaren ya riƙa shan ruwa yana kama launi. Ina roƙon masu ilimin cikinmu su faɗa mini gaskiyar lamarin, kuma ko abu ne da zai amfani mai ƙaramar sana'a irina.

Dakta_Balaraba:
Wa alaikumus salam Malam Isuhu. Ƙanenka bai faɗi ƙarya ba, sai dai maganar tana da tsawo. Enzayim furotin ne da halittu ke ƙerawa a jikinsu domin ya hanzarta wani aiki guda na sinadari, kuma mun daɗe muna amfani da shi ba tare da sanin sunansa ba, domin shi ne yake sa ganyen gwanda ya tausasa nama mai tauri. Foliyesta kuwa doguwar sarƙa ce da aka ƙulla daga sinadarai biyu, asid na tereftalik da etilin gilaikol, kuma mahaɗin da ke tsakaninsu ana kiransa esta. Sarƙar ba ta da wuraren da ruwa zai kama sai a bakunanta biyu, shi ya sa a iska mai matsakaicin laima zaren foliyesta ba ya riƙe danshin da ya kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, alhali auduga tana riƙe kusan kashi 8.

To a jikin ganyen tsirrai da ɓawon 'ya'yan itace akwai wani rufi mai kama da kakin zuma da ake kira kutin, wanda shi ma da mahaɗin esta aka ƙulla shi. Fumfuna da wasu bakteriya suna fitar da enzayim mai suna kutinas domin su huda wannan rufin. Masana sun lura cewa kutinas yana iya yanke mahaɗin foliyesta ma, ko da yake a hankali, kuma duk inda ya yanke sarƙar sai sababbin bakuna biyu su bayyana, ɗaya na asid ɗaya na haidiroksil, waɗanda dukansu ruwa yana son su. Da yake enzayim ƙato ne idan aka kwatanta shi da ramukan da ke cikin zaren, ba ya iya shiga ciki, a fatar kawai yake aiki, don haka zaren ba ya rasa ƙarfinsa sosai.

TelaNura:
Dakta, Allah ya ƙara basira. Mu masu ɗinki mun san yadin nan a hannu tun kafin mai shi ya buɗe baki. Yana zamewa a ƙarƙashin keke, dutsen guga kuma in ya yi zafi da yawa sai ya bar masa ƙyalli ko ya narkar da shi. Idan har za a iya gyara shi ya daina riƙe zafi a jiki, to rabin ƙorafin da muke sha daga masu kaya ya ƙare.

Tsohon_Masaka:
Ina so in ƙara wani abu daga abin da na gani da idona. Na yi shekara 19 a sashen rini da kammalawa na wata masaƙa a Kaduna kafin a rufe ta. Wannan aikin na cin fatar foliyesta ba sabo ba ne, an daɗe ana yin sa da kostik soda. Ana dafa yadin a ruwan kostik mai zafi har ya rage nauyi, wani lokaci kashi 10, wani lokaci ya haura kashi 20 cikin 100, sai ya fito da laushi yana zuba kamar siliki. Masaƙun Japan sun yi suna a kan wannan. Amma kostik ba ya da linzami, idan mai kula da injin ya yi sakaci na ɗan lokaci sai zaren ya yi ramuka ya raunana, ruwan da ake zubarwa kuma sai an kashe kaifinsa da asid kafin a sake shi, in ba haka ba ya hallaka duk abin da ke cikin rafi.

Game da enzayim kuwa, tun muna aiki ana amfani da shi a kan auduga. Da amilas muke cire sitacin da ake shafa wa zare kafin saƙa, ana kuma amfani da selulas wajen koɗar da wandon jins a madadin duwatsu. Don haka injinan masaƙa ba baƙon enzayim ba ne. Abin da ban taɓa gani a aikace ba shi ne a yi shi a kan foliyesta, kuma ina so Dakta ta gaya mana abin da ya hana.

Dakta_Balaraba:
Baba, tambayarka ta taɓa ainihin inda gizo ke saƙar. Lokacin da ake ƙera zaren foliyesta ana jan sa ana miƙar da shi, sai sarƙoƙin su jeru su matse da juna kamar an ɗaure karan dawa, wannan sashen mai tsari kuma enzayim ba ya samun inda zai kama. A wuraren da sarƙoƙin suke a hargitse ne kawai yake iya aiki, su ɗin ma ba sa yin sakwa-sakwa sai zafi ya kusanci digiri 70 a ma'aunin Salsiyas. Yawancin enzayim na halitta kuwa lalacewa suke yi kafin a kai wannan zafin, kamar yadda farin ƙwai yake daskarewa a tukunya. Wannan ne dalilin gyara su.

Kowane enzayim jeri ne na ƙananan tubala da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, kuma idan aka sauya ƙwayar halittar da ke ɗauke da tsarinsa ana iya musanya guda ɗaya ko biyu daga cikinsu. Masu bincike a Jami'ar Minho da ke Fotugal sun ɗauki kutinas na fumfunar Fusarium solani, suka cire wani amino asid mai girma da ke bakin ramin da aikin ke faruwa, wato liyusin, suka sa ƙarami mai suna alanin a gurbinsa, sai ramin ya yi faɗi har sarƙar foliyesta ta fi samun wurin shiga. Wasu masana a Ostiriya kuma wata dabara suka bi, suka liƙa wa kutinas na bakteriyar Thermobifida wani ɓangaren furotin mai son mannewa a jikin roba, domin enzayim ɗin ya tsaya a kan zaren maimakon ya yi ta yawo cikin ruwa. Akwai kuma hanyar da ake yin sauye-sauye barkatai dubbai a zaɓi wanda ya fi, a sake maimaitawa, wadda saboda ita ne Frances Arnold ta sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018.

Abdul_Kimiyya:
Malama, ni abin da na karanta shi ne an riga an warware matsalar. A 2016 masana a Japan sun ba da rahoton bakteriyar Ideonella sakaiensis, wadda aka samo a kusa da wurin sarrafa tsofaffin robobin ruwa a garin Sakai, tana cin robar da ita ce dai foliyesta. A 2020 kuma kamfanin Carbios na Faransa ya wallafa a mujallar Nature cewa enzayim ɗinsa da aka gyara ya narkar da kashi 90 cikin 100 na robar a cikin awa 10. Idan ana iya narkar da roba gaba ɗaya a awa 10, ai cin fatar zare kawai ba zai zama aiki ba.

Dakta_Balaraba:
Abdul, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma ka haɗa aiki biyu da ba su zama ɗaya ba. Kafin a zuba wa robar wancan enzayim ɗin, sai an narkar da ita da zafi, an sanyaya ta da gaggawa yadda sarƙoƙin ba za su sami damar jeruwa ba, sannan a niƙa ta ta zama gari. Wato an kawar da ainihin matsalar da na ambata wa Baba kafin a fara. Mai gyaran yadi kuwa ba shi da wannan damar, domin yana son zarensa ya fita yadda ya shiga, da tsarinsa da ƙarfinsa. Enzayim ɗin Ideonella ma a asalinsa a zafi kaɗan yake aiki, wajen digiri 30 zuwa 40, inda zaren yake a ƙame. Na Carbios kuma daga wani kutinas aka samo shi da masana a Osaka suka gano cikin takin ganye da rassa, aka sauya masa amino asid huɗu, biyu daga ciki domin su ƙulla wata gada da ke hana shi warwarewa a zafi. Abin da wannan aikin ya amfanar da masu yadi shi ne samun enzayim mai jure digiri 70, wannan kuwa ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Ummu_Sadiq:
Ni ba masaniya ba ce, mai sa kaya ce kawai, amma maganar ta shafe ni. Hijabai da dogayen rigunan da suka cika kasuwa yanzu kusan duk na roba ne, kuma duk macen da ta taɓa tafiya da su a watan Afrilu ta san abin da nake nufi. Gumi ba ya shiga yadin, sai ya yi ta gangarowa a baya. Da hunturu kuma sai rigar ta manne a ƙafa, idan za ka cire ta da dare har tartsatsi kake gani. Tabon mai ma in ya taɓa ta, sai an wanke sau uku bai fita ba. Ina tambaya, wannan gyaran zai magance duka ukun ne ko ɗaya kawai?

Tsohon_Masaka:
Hajiya, abubuwa ukun da kika lissafa uwarsu ɗaya, wato rashin son ruwa. Lantarkin da ke taruwa a yadi danshi ne yake kwashe shi, shi ya sa da damina ba ki ganin tartsatsi sai iska ta bushe. Mai kuma yana son roba fiye da yadda yake son ruwan wanki. Idan fatar zaren ta koma mai son ruwa, ana sa ran ukun su ragu. Amma kada a yi miki alƙawarin auduga. Auduga cikinta take ɗaukar ruwa, shi kuwa foliyestar da aka gyara fatarsa ruwan zai bazu ne a samansa ya bushe da wuri, cikinsa yana nan yadda yake.

Dan_Kwari:
Ku gafarce ni in kawo maganar kasuwa. Mu a Kantin Kwari abin da mai saye yake fara tambaya shi ne kuɗi, kuma dalilin da ya sa foliyesta ya haura rabin duk zaren da ake samarwa a duniya ke nan, araha ne kuma ba ya yamutsewa. Kostik soda abu ne mai sauƙin samu, enzayim kuwa sai an noma shi a manyan tankuna, an tace shi, an adana shi inda zafi ba zai lalata shi ba. Idan aikin da kostik zai gama a cikin awa ɗaya ko biyu shi sai ya ɗauki awoyi masu yawa, mai masaƙa zai lissafa kuɗin wuta da na lokacin injin. Ban ga wanda zai ɗora wannan kuɗin a kan yadin da talaka yake saye don arahar sa ba. Wataƙila a kayan wasanni masu tsada ko kayan asibiti.

Hauwa_Muhalli:
Alhaji, lissafinka na kasuwa daidai ne, amma akwai kuɗin da ba ya shiga littafin mai masaƙa. Duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa ya san yadda ruwan da ke fita daga masana'antu yake shafar manoman rani da ke ƙasa da su. Hanyar da ke aiki cikin ruwan da ba shi da kaifi, wadda kuma abin aikinta furotin ne da yake ruɓewa da kansa, ta cancanci a saka ta a ma'auni ko da ta fi tsada. Sai dai ina da damuwa guda. Idan an yanke sarƙoƙin da ke fatar zaren, shin hakan ba zai ƙara yawan ƙananan ɓarɓashin roba da ke fita a wajen wanki ba?

Habu_Damagaram:
Ni tambayata daban ce, kuma na san da yawa suna da ita a zuci. Tun da an ce an sauya ƙwayar halitta, me ake sakawa a jikin tufafin da za mu yi salla da su? Daga wace dabba ake samo shi?

Dakta_Balaraba:
Malam Habu, tambaya ce mai kyau. Waɗannan enzayim ɗin ba daga dabba suke ba. Ana saka tsarinsu ne a cikin bakteriya ko yis ko fumfuna, a ciyar da su sukari a tanki, su fitar da enzayim ɗin, sannan a tace shi a raba shi da su. Shi kansa ba abu ne mai rai ba, ba ya haihuwa, kuma bayan aiki ana wanke shi daga yadin. Irinsa ya daɗe a gidajenmu, domin tun 1988 kamfanin Novo na Denmak ya fitar da Lipolase, enzayim mai cin maiƙo da ake samarwa ta wannan hanyar, aka riƙa zuba shi a garin sabulun wanki. Hatsarin da aka tabbatar ya shafi ma'aikata ne masu shaƙar ƙurarsa, kamar yadda ya faru a masana'antun sabulu a ƙarshen shekarun 1960 inda wasu suka kamu da asma, abin da ya sa aka koma yin sa ƙwaya-ƙwaya mai rufi ko kuma ruwa-ruwa.

Malama Hauwa, abin da enzayim ke cirewa daga fatar zaren ƙananan sinadarai ne masu narkewa a ruwa, kuma nauyin da yadin ke rasawa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na kostik. Yawan ɓarɓashin da ke fita a wanki ya fi dogara da irin zaren, gajere ne da aka murɗa ko dogo mara yankewa, da kuma yadda aka saƙa shi. Duk da haka ra'ayina shi ne duk wanda zai kawo wannan hanyar kasuwa ya wajaba ya auna hakan a kan yadinsa.

Akwai wani tarko da nake so ɗalibai irin su Abdul su kiyaye. Enzayim furotin ne mai son ruwa, kuma yana mannewa a jikin foliyesta. Idan ba a wanke shi sosai ba, za ka ɗiga ruwa ka ga ya bazu nan take ka yi murna, alhali ragowar furotin ɗin ne ya ja ruwan, zaren bai sauya ba. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai yake wanke samfurinsa da kyau, ya kuma auna asid ɗin tereftalik da ya fita cikin ruwan, kafin ya ce an yi nasara.

TelaNura:
To nailan fa, da zaren akirilik da mata ke saƙa hulunan jarirai da rigunan sanyi da shi? Su ma kutinas ɗin ne?

Abdul_Kimiyya:
Na karɓi gyaran Malama, na gode. Yaya Nura, a kan nailan mahaɗin daban ne, irin na furotin ne da ake kira amid, don haka an gwada furotiyas da amidas, har da kutinas ɗin ma. Akirilik kuwa ba sarƙar ake yankewa ba. Yana da wasu ƙananan rassa na naitiril a gefe, sai enzayim irin su naitirilas, waɗanda ake samu daga bakteriya kamar Rhodococcus, su mayar da su asid, fatar ta fi son ruwa.

Marini_Isuhu:
Na gode ƙwarai da wannan ilimi, amma ku yi haƙuri in dawo da ku kan tambayata ta farko. Idan aka kawo mini yadin da aka gyara fatarsa haka, na tsoma shi a ramin baba, zai kama ko ba zai kama ba?

Tsohon_Masaka:
Isuhu ɗana, ba zan ɓoye maka ba, a nawa sanin ba zai kama yadda kake so ba. Ka fi ni sanin yadda baba yake aiki: a cikin ramin yana narke ne, ya ratsa cikin audugar da ta kumbura da ruwa, idan ka fito da ita ta sha iska sai ya koma shuɗi ya maƙale a ciki. Foliyesta ba ya kumbura a ruwan sanyi, don haka babu ƙofar shiga, gyaran fata kuma bai buɗe ta ba. Mu a masaƙa da wani rini na daban muke rina shi, a tukunya mai murfin matsi, a zafin digiri 130. Zai yiwu yadin ya fi jiƙa ya ɗauki launi a sama fiye da wanda ka gani makon jiya, amma launin da ke sama guga da wanki ne suke cinye shi.

Dakta_Balaraba:
Na yarda da Baba a kan baba. Inda gyaran yake taimakawa shi ne rinin da ke ɗauke da cajin lantarki mai jan bakunan asid ɗin nan, da kuma liƙa wasu abubuwa a kan zaren, kamar maganin ƙwayoyin cuta, tun da yanzu sun sami wurin kamawa. Sai dai ban yarda da Alhaji cewa tsada za ta tsaya yadda take ba, domin enzayim ɗin sabulun wanki ma da tsada ya fara.

Dan_Kwari:
Dakta, sabulu kowane gida ke saye kowane mako, shi ya sa farashinsa ya faɗi. Ina jiran ranar da dila zai zo mini da bandir ya ce wannan an gyara shi da enzayim, in ɗiga masa ruwa, in ba matar gida ta wanke shi sau ashirin, in sake ɗigawa. Malam Isuhu, kafin lokacin ka riƙa zare ɗan zare daga gefen yadin ka kusanta shi da ashana a gaban mai shi. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, foliyesta kuwa yana tsukewa ya narke ya bar ɗan dunƙule mai tauri.

Marini_Isuhu:
Gwajin ashana ina yin sa, Alhaji, sai dai gaurayayyen yadi yana ruɗa ni, domin yakan ba da toka da dunƙule tare. Baba, a irin wannan, kashi nawa na auduga kuke ganin ya isa marini ya karɓi aiki ba tare da ya ji kunyar mai kaya ba?